Farilla da Nafila a Mazhabar Masu Mota

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da almajiransu cewa ayyukan ɗan Adam ba su wuce hukunci biyar ba, wato wajibi da mustahabbi da halal da makaruhi da haramun, suna kuma nanata musu cewa wanda ya duƙufa tara nafila alhali ana binsa bashin farilla, to, aikin baban giwa yake yi. Wannan ƙa'ida, wadda aka gada kaka da kakanni ba tare da gardama ba, ta samu waɗanda suka yi mata tawaye a zamaninmu, su ne kuwa jama'ar masu ƙananan motoci, waɗanda suka kafa mazhabarsu ba tare da limami ko littafi ba, suka kuma yi ijma'i a kan cewa duk abin da maƙwabci zai gani a jikin mota wajibi ne, duk abin da ba mai ganinsa sai bakanike kuwa, wannan sai ran da Allah ya hore.

Bari mu ɗauki misali da Toyota Camry ƙirar 2008, tun da yake da wuya ka shiga unguwa a Kano ko Kaduna ko Zariya ka rasa irinta a fake a gindin wata darbejiya. Ita wannan baiwar Allah ta riga ta yi wa mutum ɗaya ko biyu hidima a Amurka har suka gaji da ita, sa'an nan ta ƙetaro teku ta sauka a Legas ko Kwatano. Kuma ko da yake tun ranar 1 ga Janairu 2017 hukuma ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, su dai motocin ba su daina isowa ba, Allah shi ne masanin ƙofar da suke biyowa. Dillali zai dafa ƙirji ya ce sabuwa ce dal, wata tsohuwar Baturiya ce ta mallake ta, ita ma ba ta hawa sai ran Lahadi. Yawan tsofaffin Turawan nan da ke sayen mota su ajiye domin Hausawa, ya isa a ce mun aika musu da takardar godiya.

Da mota ta iso gida, aka taru aka yi Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, abin da hankali zai ba mutum shi ne a fara da juye baƙin mai, a duba birki, a dubi tayoyi, tun da ba wanda ya san rabonsu da ganin bakanike. Amma Alhaji, wanda ya san abin da ya fi wannan muhimmanci, sai ya fara da leda. Zai sa a naɗe kujerun motar da ta haura shekara goma sha biyar a duniya da leda sabuwa ƙal, domin duk wanda ya leƙa ya ɗauka jiya ta baro masana'anta. Kuma a cikin zafin Afrilu, lokacin da rana ke narka kwalta, duk wanda aka rage wa hanya zai sauka babbar rigarsa ta manne da bayansa, yana godiya a baki, yana istigfari a zuci.

Daga nan sai ziyarar kasuwa. Wanda ke Kano ya nufi Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, na Kaduna ya gangara Panteka, wanda abin ya yi wa tsanani kuwa sai ya yi saƙo har Ladipo ta Legas. A nan ne za a cire wa motar bambarta ta haihuwa a ɗora mata wata mai faffaɗan baki irin na Lexus, a canza mata fitilu, a manna mata alamar V6 a baya alhali injinta mai filogi huɗu ne, ta yadda in ta tunkaro ka sai ka ba ta hanya don girmamawa, in ta zo wucewa ka ji tarinta sai ka gane tsohuwar da ka sani ce ta sha kwalliya. Rim ɗin da maƙeranta suka sa mata mai inci 16, wanda ke ɗauke da taya mai kauri da za ta iya shanye duka, za a tuɓe shi a sa mai inci 19 ko 20 mai walƙiya, da wata siririyar taya wadda aka yi domin titunan da ba su san rami ba. Mu kuwa, alhamdu lillahi, rami ba ya cikin abubuwan da muke nema a waje. Ramin farko da aka faɗa bayan ruwan Agusta, rim ya lanƙwashe, taya ta yi ƙari a gefe, mai faci ya samu na cefane.

Fitilun su ma babi ne mai zaman kansa, domin akwai wani irin farin ƙwai da ake sawa wanda amfaninsa bai tsaya ga haska wa direba hanya ba, har da makantar da duk wani Musulmi ko Kirista da ƙaddara ta sa ya biyo ta ɗaya hannun. Sai kuma sifika, wadda ake girkewa a but, a fitar da safaya da jak don a sama mata wuri, bisa hujjar cewa taya ba kullum take fashewa ba, kiɗa kuwa kullum ana bukatarsa. A dashbod a dasa talabijin mai nuna abin da ke baya, alhali madubin gefe da robar tsohon tif aka ɗaure shi. A madubin ciki a rataya carbi, da kwalbar turare, da wani ɗan takalmin jariri da ba wanda ya san tarihinsa.

Amma sarkin nafilolin duka shi ne baƙin gilashi. Tun 1991, zamanin mulkin Janar Babangida, akwai dokar da ta hana shi sai da izini, izinin kuwa an jingina shi da lalurar lafiya ko ta tsaro. Tun daga ranar nan ba a taɓa ganin al'ummar da ciwon ido ya addaba, ko maƙiya suka yi wa yawa, kamar masu ƙananan motocin ƙasar nan ba. Malamin firamare yana da mahassada, mai sayar da katin waya rayuwarsa na cikin haɗari, har ɗan samarin da aro ya yi wa motar, likita ya hana shi ganin rana. Hikimar da ke cikin baƙin gilashi kuwa, wadda ma'abotansa ba su cika bayyanawa ba, biyu ce: yana ɓoye Alhaji daga masu binsa bashi, yana kuma ɓoye wa jama'a cewa na'urar sanyaya motar ta daɗe da rasuwa. Sau da yawa za ka ga an ɗage gilashi ƙam a cunkoson Kantin Kwari da tsakar rana, kana cewa mutumin nan yana cikin ni'ima, alhali shi yana ciki yana tsiyayar zufa, ya zaɓi ya dahu da mutuncinsa a kan ya sha iska a raina shi.

Kada a ɗauka wannan ɗabi'a baƙuwa ce, domin son ado a jininmu yake, kuma wanda ya taɓa kallon hawan daushe ya ga sirdi da jalala da likkafa ya san ba yau muka fara yi wa abin hawa kwalliya ba. Bambancin kawai shi ne ma'abocin doki yakan fara da harawa da dusa da kanwa, ya duba kofato, sa'an nan ya waiwayi jalala, don ya san dokin da bai ci ba zai kayar da shi a gaban Sarki, kayan adon duka su bi shi ƙasa.

Yanzu sai mu juya ga farillai, mu ga yadda ake yi da su. A murfin da ake zuba wa injin mai, maƙeran sun rubuta irin man da ya dace da shi, 5W-20, da manyan baƙaƙe yadda ko mai hakiya zai gani. Bakanike zai buɗe wannan murfi da hannunsa, ya ajiye shi a gefe, ya ɗura mai kauri 20W-50, ya ba da fatawa cewa wancan ruwa ne, na ƙasar sanyi ne, ba zai jure zafinmu ba. Da irin wannan ƙiyasi ne yake cire tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 90, ya jefa shi cikin kwandon tarkace, ya haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga tayarwa har kashewa. Sakamakon haka injin ba ya kai zafinsa da wuri, kwamfutar motar ta yi zaton har yanzu asuba ce, ta yi ta ƙara masa fetur. Wannan ilimi kanikawanmu sun gaje shi ne daga zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, motar da sifana da filaya da kunnen mai gyara suka wadatar da ita. Iyakar abin da ya faru, motoci sun canza, isnadin fatawar bai canza ba.

Akwai kuma wani abu a cikin salansa wanda kanikawa ke kira indomi, aikinsa tace hayaƙi, kuma saboda 'yan ma'adinai masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinam, ana sayensa da daraja. Saboda haka da wuya mota ta kwana biyu a wasu garejin ba a gano cewa shi ne ya toshe mata numfashi ba. A fasa a kwashe, Alhaji ya biya ladan aiki, ya yi godiya, ya ƙara da na goro, bai san ya yi sadaka da abin da ya fi rim ɗinsa huɗu amfani ba. Yana tayar da mota sai ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gabansa.

"Malam, wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, ai wannan ba komai ba ne, duk motar da ta sha man Najeriya sai ta kawo shi. In yana damunka a rufe."

A kawo baƙin salatif a manna a kai, cuta ta warke.

Abin mamaki, tun daga 1996 kowace sabuwar mota da aka sayar a Amurka tana da wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta faɗi abin da ke damun injin cikin 'yan mintoci. Amma Alhaji ba zai biya kuɗin wannan ba, domin a mazhabarsa haramun ne a ba mutum kuɗi bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya fi son a bi ta hanyar istihara: yau a canza filogi, jibi famfon mai, mako mai zuwa koyil, in duk ba a dace ba a ce biren bos ne, wato kwamfutar motar, daga ƙarshe bakanike ya goge hannu da tsumma, ya dubi ƙasa kamar mai ta'aziyya, ya ce sai dai a sauke inji. A wurin sayen kayan gyara kuwa, mai shago zai jera masa daraja uku, orijina da Beljiyam da ɗan Caina, ya ce wanne za a kawo. Mutumin da bai nemi ragin sisi ba ran da ya sayi sifika, yau zai shafe rabin sa'a yana ciniki a kan kayan birki, ya ƙare da mafi araha, yana cewa ai tsayawa ta Allah ce.

Taya ma haka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2315 na nufin mako na 23 a shekarar 2015. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta yi ta shela har muryarta ta dushe cewa taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Shi dai Alhaji in ya ga zane bai shafe ba, aka kuma goge ta da baƙin mai tana ƙyalli, to, ta halatta.

Uwargida, wadda ke lissafin duk wannan a zuci, takan yi ƙarfin hali wata rana ta ce, "Alhaji, shinkafa fa ta ƙare, ga kuɗin makarantar yara." Sai ya amsa da cewa ta yi haƙuri, mota ta cinye shi a watan nan, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai ambaci cewa abin da ta ci wasu shuɗɗan fitilu ne da aka jera mata a ƙarƙashin ciki ba.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur, mazhabar ta samu sabon babi. Motar yanzu ta fi yawan zama a ƙofar gida a lulluɓe da tamfol, ana wanke ta kowace safiya, shi kuwa mai ita ya hau A-daidaita-sahu zuwa ofis, amma da mabuɗin a maƙale a ɗan yatsa, yana kaɗa shi lokacin gaisawa domin kada a yi masa mummunar fahimta. Ba ta fita sai Juma'a da ɗaurin aure, da man dubu biyar a cikinta, allurar mai tana sujada. A irin wannan fita ce, ana tsakiyar ayarin rakiyar ango, boljoyin da ya shekara yana ƙara yana neman agaji, ana ƙure sifika don kada a ji shi, zai yanke hukuncinsa: ƙafar gaba ta fice, motar ta durƙusa a tsakiyar titi, bambar Lexus ta daki kwalta ta rabe biyu. Alhaji ya fito da babbar riga mai aska takwas, ya zagaya ta sau uku, ya girgiza kai, ya ce shi dama ya sani, tun ran da ya sa rim ɗin nan bakin mutane bai bar motar nan ba.

Bayan an ja ta zuwa gareji, aka ɗaure ƙafar da ɗan Caina, mai walda ya ɗinke bamba, mai fenti ya shafe tabo, sai a kira dillali. Shi kuwa ya kawo wani matashin ma'aikaci da ya tara albashin shekara uku, ya zagaya da shi, ya nuna masa rim da talabijin da ledar kujeru, ya ce, "Yallaɓai, ka ga ko ledarta ba a cire ba. Wata Hajiya ce ke da ita, ba ta zuwa ko'ina sai asibiti da gidan biki." Matashin bai ce a buɗe masa inji ba, bai leƙa ƙarƙashi ba, bai tambayi abin da salatif ɗin nan ke rufewa ba. Ya dai zauna a kujerar direba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ce a kunna masa sifikar ya ji.