Wasiƙar 'Yan Majalisar Gude Zuwa Ga Hajiya Biza

Zuwa ga Hajiya Biza, uwargidan Alhaji Fasfo, mahaifiyar Igama, mai ɗakin da ba a shiga sai da sallama da rasit.

Masu wannan takarda 'yan majalisar mai shayi ne a garin Gude, ƙaramar hukumar Kabo, yamma da birnin Kano. Sun wakilta ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi su haƙurin riƙe biro, ya rubuto. Babu wanda ya san inda Hajiya take kwana. Wasu sun ce Abuja, wasu sun ce Legas, wani yaro mai gyaran waya kuma ya rantse a cikin kwamfuta take zaune, shi ya sa ba ta jin magiya. Aka ga gara a buga a mujalla, wataƙila wani ejan ya karanta mata.

Majalisa tana so ta tuna wa Hajiya, cikin ladabi, cewa hanya ta girme ta nesa ba kusa ba. Alhaji Fasfo kansa, a siffarsa ta ɗan littafi mai hoto, sai a 1920 aka zauna a birnin Faris aka daidaita masa kamanni. Tun kafin nan mutumin ƙasar Kano yake ɗaura niyyar Gabas. Ya sayar da abin da zai sayar, a yafe wa juna, ya saɓa gafaka da buta, ya miƙa ta Barno, ya ratsa Wadai da Fashir, har ya ga ruwan Bahar Maliya a Sawakin. Tafiyar ba ta watanni ba ce. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma. Bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama zangon alhazan ƙafa, inda mutum zai yi shekaru yana tsinkar auduga don ya haɗa kuɗin jirgin ruwa. Wani ya tafi saurayi ya dawo da jikoki. Wani bai dawo ba, ya yi gari.

A can ne Hajiya ta fara nuna halinta. Da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu, suka kafa garin da ake kira da sunansa har yau. Suka yi noma, suka yi jikoki, suka binne iyayensu a ƙasar. Sai ga dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 tana cewa ɗan ƙasa na haihuwa shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Hajiya ta lissafa da kanta. Mutanen nan sun makara da shekara shida tun ba su bar gida ba.

Waɗanda takarda ta tarar da su a Hijaz kuwa sun dace. Majalisa ta ga jikokinsu da idonta a gidan kallon ƙwallo a 2018, lokacin gasar cin kofin duniya a Rasha: 'yan wasa uku a tawagar Saudiyya sunansu na ƙarewa da Hausawi, har da kyaftin ɗinsu Usama. An zura musu biyar ba ko ɗaya a wasan farko, amma wannan ba laifin Hajiya ba ne. Abin da ya tsaya wa majalisa a rai shi ne, kakan Hausawi da kakan wanda ake kira takari hanya ɗaya suka bi, Ka'aba ɗaya suka nufa. Ɗaya ya riga Hajiya isa, ɗaya ya tarar da ita a bakin ƙofa. Iyakar bambancin ke nan.

To, ga ƙorafin yau.

Akwai wani dattijo a majalisar nan, manomin dawa, da ya sayar da bijiman huɗarsa biyu don ya yi Umara kafin ƙarfi ya ƙare. Aka ce masa ba a ganin Hajiya sai an bi ta wurin maigidanta, maigidan kuma ba ya sauraron kowa sai da lambar NIN. Nan aka fara. Mahaifiyarsa ta gaya masa da daminar da ta biyo bayan kisan Sardauna aka haife shi, wato 1966. Katin zaɓe ya ce 1968. Lambar NIN ta ce 1970. Abin da suka yarda a kai kawai shi ne ranar 1 ga Janairu, ranar da dattawan karkara suka yi taron dangi suka faɗo duniya tare, in dai takardu za a bi. Sai da ya je kotu ya rantse a kan abin da ya faru yana cikin zanen goyo. Kafin ya gama wannan zirga-zirga, ɗan ƙaramin fasfo mai shafi 32, wanda ya koma naira 50,000 a Satumbar 2024, ya sake tashi zuwa naira 100,000 a Satumbar 2025.

Ranar ɗaukar yatsu ya yi sammako, ya bi titin Gwarzo ya shiga birni ta Kabuga, da takardunsa a leda, ledar a cikin wata leda. Aka zaunar da shi gaban wani ɗan gilashi mai koren haske. «Baba, danna.» Ya danna. «Baba, ba da ƙarfi ba.» Ya sassauta. «Baba, goga a hularka.» Ya goga. «To shafi goshinka ka sake.» Ya shafo gumi ya sake ɗorawa, na'ura ta yi shiru kamar an yi mata tambayar kabari. Shekara hamsin ƙotar fartanya tana cin zanen yatsun nan, ta shafe su sumul kamar bayan ƙwarya. Yarinyar da ke kan kwamfutar, 'yar albarka, ta ba shi shawara ya riƙa shafa man kaɗanya dare da safe, ya kuma bar taɓa fartanya har mako biyu. Majalisa ta shaida cewa Hajiya ce ta farko a tarihin Gude da ta ba manomi hutun aiki ana tsakiyar noman fari.

Ko an sami hatimin ma, zuciya ba ta kwanciya, don Hajiya tana da sake shawara a sararin sama. A Nuwambar 2023 jirgin Air Peace ya kwashi fasinja 264 daga Legas da Kano, kowa da bizarsa a hannu. Da suka sauka Jidda aka ce an soke. Bayan an sa baki aka bar 87 suka shiga, 177 suka juyo, ihraminsu bai ga Harami ba. A Satumbar 2012 kuma mata maniyyata kimanin 1,000 daga Nijeriya aka tsare a filayen jirgi saboda rashin muharrami. Bayan shekara goma hukumomin can da kansu suka ce mace tana iya zuwa ba muharramin. Majalisa ba ta ja da malamai a kan wannan mas'ala. Tana dai lura cewa laifin bara yakan zama halas bana, kuma babu mai mayar wa mutum kuɗin tikiti.

Sai maganar ɗiyar Hajiya, wato Igama, wadda ta fi uwarta zafi. Ita ba ta zama da mutum sai da kafili. Sunan kafili ne a jikinta, shi ke sabunta ta, in kuma ma'aikaci ya gaji da wahala ya fice, kafili ya kai rahoton hurub, wato ya gudu, shi ke nan mutum ya koma abin farautar askar. A Maris ɗin 2021 aka yi gyara, aka ba ma'aikata da yawa damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da sa hannun maigida ba. Majalisa ta yi murna har aka ƙara zagayen shayi, kafin a karanto mata waɗanda gyaran bai shafa ba: 'yan aikin gida, direbobin gida, ma'aikatan gona da makiyaya. Kamar an zo Gude an ɗauki sunayen sana'o'in da ejan ke yi wa 'ya'yanta alkawari.

Ga mai kuɗi kuwa ƙofa daban ce. Tun 2019 akwai igamar alfarma wadda ba ruwanta da kafili: riyal 100,000 a shekara, ko riyal 800,000 a biya sau ɗaya a zauna har abada. Majalisa ta so ta juya wannan kuɗi zuwa buhunan dawa, kalkuletar wayar mai shayi ta cika da sifiri aka haƙura. Mai son zama ɗan ƙasa gaba ɗaya kuma sai ya yi shekara goma a jere da takarda mai kyau, sannan a auna shi da maki, a nemi 23 cikin 33. Mai digirin dakta a likitanci ko injiniyanci yana da 13 tun bai buɗe baki ba. Matar da ta yi shekara talatin tana dafa wa alhazai tuwo a Shara Mansur, ba ta da ko ɗaya, don a lissafin Igama ba ta taɓa zuwa ba.

Ɗan irin wannan mata yana zaune a ƙarshen bencin majalisar nan yanzu haka. A Makka aka haife shi, amma dokar can uba take bi, ba ta bin inda aka yanke cibi. Ya haura shekara ashirin aka kama shi a hanyar aiki, ya kwana abin da ya kwana a gidan tarhil na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, aka saka shi a jirgi aka ce ya tafi gida. Ya sauka Kano da jaka ɗaya da sunan wani gari da ya ji a bakin mahaifiyarsa. Ranar farko ya ce wa mai shayi a ba shi tamis, aka miƙo masa burodi da bota, ya juya shi ya sake juyawa. Mota sayyara ce a bakinsa, in ya gaji da ciniki ya ce halas. A can Takruni suke kiransa. A nan yara suna binsa suna cewa Balarabe.

Majalisa ba ta ce Hajiya ba ta da hujja ba. Ta san 'yan Kano-Jidda, ta san waɗanda ake ba bizar Umara su shige lungu, su ja wa na bayansu baƙin jini. A Hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu a tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato izinin aikin Hajji, ba tanti ba mota. Allah ya jiƙansu. Wanda ya ji wannan ba zai ce tarar riyal 20,000 da haramcin shiga na shekara goma da aka sa a 2025 zalunci ne zalla ba. Sai dai tarar tana sauka a kan wanda ya sayar da gona, ejan da ya karɓi kuɗin yana nan ya ƙara mota.

Na ƙasashen Turawa majalisa ba ta da ta cewa sosai, don 'yan bokonta ne ke wannan layi. Sun ce Amurka tana karɓar dala 185 kafin ta ce a'a, kuma a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar 'yan Nijeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Ingila ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali daga Janairun 2024. Kanada tana ƙirga kwana 1,095 cikin shekara biyar kafin ta ce mutum nata ne. Sauƙin da ya rage shi ne na maƙwabta, inda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da kwana 90 ba biza, ita ma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, mai ƙanwa a Maraɗi ya fara kasa kunne.

Da aka zo nan a karatun wasiƙar, wani tsohon malamin firamare ya ajiye kofinsa ya ce a ji tsoron Allah, a faɗa wa Hajiya cewa tana da ɗaki a gidan nan ma. Kundin tsarin mulkin 1999 yana neman baƙo ya yi shekara 15 kafin ya nemi zama ɗan Nijeriya, ya fi na Saudiyyar da ake kuka da ita da shekara biyar. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya yin rajista, baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba shi da wannan gata. Gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu a 1969, mutanen zango suka kwaso tabarmi, jikokin fataken goro da ba su san hanyar Kano ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta rama, har jakar da aka yi ƙaura da ita ta sami suna. A 1980 kuwa an ɗauki Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Barno, aka kai shi Cadi aka ajiye wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta tabbatar masa da ƙasarsa. Majalisa ta yi tsit, mai shayi ya ƙara wuta.

Shi ma Balaraben Gude ya ɗanɗana. Da ya je neman katin ɗan ƙasa aka ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ita kuma sai mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya sa, hakimi ya sa. Mai unguwa ya ce shi bai san yaro ba, kakansa ya sani. Ya sa aka tsayar da shi a hasken ƙofar zaure, ya ce ya cire hula, ya juya hagu, ya juya dama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kunnuwan nan na gidan maƙera ne, ko a duhu ya gan su zai gane. Ya jawo tambari ya huhhura masa iska ya buga.

Buƙatun majalisa biyu ne. Na farko, a duba ko na'urorin Hajiya za su koyi karɓar kunne a madadin yatsa, don fartanya ba ta taɓa shi. Na biyu, dattijon nan yana tambaya ko akwai labari, ga shi yatsunsa sun yi laushi, ciyawa kuma ta cinye masa gona. In Hajiya za ta ba da amsa, ta ba direban motar Gwarzo ya ajiye wurin mai shayi. Kada ta aiko ta hannun ejan, tun bayan sallar layya wayarsa a kashe take.

Daga 'yan majalisa, Gude.