Fatawar Mai Faci

Bayan da Allah Ya nufe ni da ajiye aikin koyarwa, na koma noman shinkafa a wata 'yar fadama da muka gada a ƙasar Haɗeja, sai wani ɗan ƙanwata mai yawan jin ƙai, wanda ya gaji da ganina ina dawowa daga gona ƙafafu a kumbure, ya sayo mini a gwanjo wani babur mai ƙafa huɗu ƙirar Jafan, ya ce, "Kawu, daga yau ka yi sallama da tafiyar ƙasa." Injinsa lafiya lau, fitilarsa na kamawa, amma tayoyinsa sun riga sun ci zamaninsu, zanensu ya shafe sarai, har ta kai ko ƙayar aduwa ce ta yi musu sallama sai sun amsa. Ala tilas na shiga neman sababbi, ina zaton al'amarin bai wuce mutum ya miƙa kuɗi a miƙo masa roba ba.

Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan dabba kafin ya yi mini dariya. Kamfanin Honda ya fitar da irinta a 1970, da ƙafa uku, kuma ba a sa mata sifirin ko ɗaya ba, tayoyinta masu kumburi da taushi su ne ke shanye gargada. A 1982 Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu, kana a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa ukun a Amurka saboda yawan kifewa da mahaya. To ko da yake na yanzu suna da sifirin, tayar ba ta bar ɗabi'ar kakanninta ba: iskar da take so ba ta wuce 4 zuwa 7 a geji ba, alhali kuwa ta ƙaramar mota tana shan 30 ko fiye. Hikimar ita ce taya mai taushi tana baje tafinta a ƙasa, ta hau kan rairayi maimakon ta nutse a cikinsa. Duk wannan a rubuce yake a jikin wata 'yar takarda da aka manna a gefen babur ɗin, wadda rana ta ƙone.

Mas'alar farko da ta taso ita ce, tsakanin gidana da gonar akwai jigawa mai zurfin rairayi, daga nan kuma sai taɓo baƙi ƙirin wanda in ya kama ƙafar sa sai an taru. Da na kawo zancen a majalisarmu ta bayan La'asar, nan take jama'a suka rabu mazhaba biyu. Wani tsohon direban tirela, wanda ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, ya kafe a kan cewa sai taya mai manyan haƙora, domin taɓo ba ya jin lallashi. Wani kuwa da ya taɓa zuwa Agadas ya rantse cewa a rairayi haƙori kabari yake haƙa wa mai shi. Kowannensu yana da hujja, kowannensu kuma bai taɓa hawa irin babur ɗin ba. Liman, da aka nemi ya raba gardama, ya ce shi dai a iya saninsa jaki bai taɓa neman a sake masa kofato ba.

Na kama hanyar Kano, na isa kasuwar Ƙofar Ruwa riƙe da takardar da na kwafo lambobin tsofaffin tayoyin: 25x8-12 a gaba, 25x10-12 a baya, wato tsayin taya inci 25, faɗinta 8 ko 10, bakin rim kuma 12. Wani saurayi mai zaƙin baki, wanda tun daga nesa ya naɗa ni Alhaji ba tare da na taka Makka ba, ya karɓi takardar ya dube ta da irin tausayin da likita ke duban majinyaci, ya ce, "Haba Alhaji, mutum kamarka da 25? Ai 27 ce girmanka." Ya mirgino wasu guda huɗu masu haƙora kamar za su ciji mutum, ya ce 'yan Beljiyam ne, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Da na nuna masa lambobi huɗu da ke gefensu, 1411, waɗanda ke nufin an ƙera su a mako na 14 na shekarar 2011, na ce ashe sun girmi jikata da ke shirin gama firamare, sai ya amsa cewa ai wannan shi ne shaidar ƙarkonsu, tun da ga su nan da ransu. Ban sami abin da zan mayar masa ba, don kuwa ni ma da irin wannan hujja nake kare kaina a gida, sai na biya na kwaso su.

Amma babban malamin wannan ƙissa shi ne mai facin bakin tasharmu, mutum mai tsantseni, wanda tayar duk wata mota da ke garin ta bi ta hannunsa. Ya ɗaura tayoyin, ya jona tiyo, injin ya yi ta tari yana hura iska. Na ce masa a hankali, na ji an ce irin wannan 5 ake sa mata. Ya ajiye guduma, ya dube ni, ya ce, "Baba Malam, ku da karatu, mu da iska. Keke ma ya fi 5." Sannan ya kafa mini ƙiyasi wanda ko a zauren fiƙihu sai an jinjina masa: taya dai taya ce, ta mota tana ɗaukar mutum biyar da 30, wannan kuwa ga ni ga buhunan taki, saboda haka 30 ɗin ita ce adalci. Ya ɗora gejinsa a kan tsohuwar tayar don ya ƙure ni, allurar ko motsi ba ta yi ba, da ma ba a yi ta don auna ƙaramar iska ba, sai 'yan acaɓa da ke wurin suka yi ijma'i cewa gaskiya tana wajensa. Akwai kuma wata kibiya a gefen kowace taya mai nuna inda za ta fuskanta in tana juyawa; wannan ya ce ado ne, ya ɗaura biyu suna duban gabas, biyu suna duban yamma.

Washegari da hantsi na yi bisimilla na hau, yaran unguwa na biye da ni. Tun a kan burji na fahimci cewa kujerar ta ɗaura gaba da ni, ina tashi ina sauka kamar tsaba a faifan mai bakace, hulata ta yi nata wuri, carbina ya fita daga aljihu ya rataye a madubi. Duk kwanar da na sha, sai dogayen tayoyin nan su goga jikin babur su yi wani gurnani, yara su ɗauka ƙaho ne su yi shewa. Da muka shiga jigawa, haƙoran suka kama aikin da mutumin Agadas ya faɗa, suna watsa rairayi sama suna saukar da ni ƙasa, har sai da yaran suka tura. Ina gangarawa fadama kuwa, tayoyi biyun da aka juya, maimakon su tofar da taɓo sai suka riƙa tara shi, suka zama dunƙule sumul, babur ya yi wata 'yar rawa, ya karkata, ya ajiye ni a zaune tsakiyar kwamin maƙwabcina, taɓo har ƙirji, a gaban matan da ke dashe.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne mai jaki, wanda ya tsaya ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, ina zaune a cikin taɓon ina amsawa, kafin ya ɗaura igiya. Da aka fito da babur, ya latsa taya da babban yatsa, ya girgiza kai, ya karyo tsinke ya danna bakin bawul, iska ta yi ta fita har tayar ta yi laɓas. Ya ce shi bai san boko ba, amma direbobin da ke bin rairayin Maigatari haka ya ga suna yi. Da wannan tsinke na komo gida lami lafiya, sai dai uwargida ta hana ni shiga ɗaki sai da aka yi mini wanka da bokiti a tsakar gida, tana tambaya cikin ladabi, "Malam, shinkafar aka dasa ko kai?"

Yanzu na sayi masu inci 25 masu matsakaicin zane, da ɗan gejin ƙaramar iska wanda nake ajiyewa a aljihu ɗaya da carbi, mai faci kuma har gobe yana nan a kan fatawarsa, ya ce iskar ce ba ta isa ba. Duk wanda ke da bukatar tayoyi huɗu masu inci 27, 'yan Beljiyam, waɗanda suka taka ƙasa sau ɗaya, ya same ni a majalisa bayan La'asar; farashi da sauƙi, igiyar ja kuma kyauta ce.