Jinjina ga Injiniya Gobe-Gobe

Allah ya ja zamanin Injiniya, gwanin da ya yaye kwanon gidana ana gab da saukar damina, domin iyalina su san taurari. Wa ya kai shi tausayi? Da can zafi ke hana mu barci. Yanzu iska ta ko'ina, ruwan alwala kuwa har kan katifa yake iske mu.

Ga riƙon amana. Kafin alƙalamin da na ba shi ya riƙe gam, wata bakwai ko kwabo bai ɓata wajen sayen siminti ba. Ga magana ɗaya: tun ranar da ya ce "gobe in sha Allahu" bai taɓa sauya ta ba. Yashin da ya zube a ƙofar gida ma ya zama sadaka mai gudana, awakin unguwa na ta sa masa albarka.

Sannan babban malami ne. Ba don shi ba, yaushe zan san Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, sai fa in da zamba a ciki? Shi ya koya mini rubuta takardar neman haƙƙi, da zaman sulhu, da hanyar kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a Kano a 2019, inda ba dole sai da lauya ba, kuma ƙa'idarta a kammala shari'a cikin kwana 60. A can na ji ashe ina iya neman kuɗina, har da ƙarin da wani magini zai ci kafin ya ƙarasa aikin.

Da aka tambaye ni takardar yarjejeniya, sai na tuna zumuncinsa: "Haba Alhaji, tsakaninmu har sai da takarda?" Shaidar turo kuɗi ta banki da saƙonninsa na WhatsApp ne kaɗai suka ci amanarsa, domin Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da irinsu.

Mai karatu, in kana sha'awar wannan karatu, biya kuɗin aiki duka tun ranar farko, kada ka rubuta wa'adi, kada ka kira shaidu. Ni dai na sauke, kuma har yau da lema nake shiga ɗakina.