Kan Sa a Jikin Bango

A garin Ronda, a ƙasar Andalus ta Sifaniya, akwai wani dandali na dutse da aka buɗe a 1785 domin karawar mutum da bijimi, kuma a gefensa an keɓe ɗakunan tarihi inda baƙo zai biya kuɗi ya kalli takubba da riguna masu aikin zinariya na jarumawan da suka shuɗe. A irinsa na birnin Madrid har kawunan shanun da suka yi suna ake busarwa a kafe a bango, kowanne da sunansa, alhali ba mai niyyar dafawa.

To, mahautanmu na ƙasar Gumel, waɗanda kan sayo bijimai ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, su ma sun gaji hawan ƙaho tun kaka da kakanni, ko da yake ba su da dandali sai ƙofar fada ko gidan Sarkin Pawa. A ɗaure sa da igiya biyu, ɗaya a ka ɗaya a ƙafar baya, kalangu ya ɗauka, saurayi ya yi kirari ya faɗa tsakanin ƙahoni ya rungume wuya, babu takobi, sai layu da tawakkali.

Amma wanda ya zo neman gidan tarihin wannan bajinta ya makara, domin kafin azahar tsoka ta hau tsinken tsire, fata ta tafi majema, kai da ƙafa kuwa suna tukunya. In ya matsa lallai sai ya ga hujja, sai wani dattijon mahauci ya ɗaga riga ya nuna masa tabo a haƙarƙari, ya kuma nemi na goro.