Masu Kwance Giyar Otomatik da Hannunsu a Ƙasar Haɗeja

Giyar otomatik, wato akwatin giyar da ke sauya wa mota gudu da kansa ba tare da direba ya taka kuloci ba, ta shiga kasuwa gadan-gadan ne a Amurka a cikin motocin Oldsmobile na shekarar 1940, sa'ad da kamfanin General Motors ya fito da samfurin Hydra-Matic, amma ba ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba sai bayan da zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, ya ja baya, motocin hannu da ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano suka mamaye tituna. Giyar Fijo ta hannu ce, haƙoran ƙarfe ne kawai ke cizon juna a cikinta, kuma duk mai ido da haƙuri yana iya gano inda ta lalace. Ita kuwa ta otomatik da mai take aiki, domin akwai famfon da injin ke juyawa wanda ke tura wani jan mai marar kauri ta cikin siraran hanyoyi, man ya danne jerin faya-fayen kuloci masu fatar takarda waɗanda makanikai ke kira faiba, yayin da wani farantin alminiyam mai cike da bawuloli yake raba man, yana zaɓar faya-fayen da za a danne a kowane lokaci. Abubuwa uku ne ke kashe irin wannan na'ura, wato ruwa da ƙura da zafi, kuma Allah ya hore wa Haɗeja dukkan ukun a wadace, kowanne da watanninsa.

Kogin Haɗeja, duk da madatsar Tiga da aka gina a 1974 da ta Challawa ta 1992, yakan yi ambaliya tsakanin Agusta da Satumba, musamman da yake ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, kamar yadda mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma suka gani a 2020 da 2022; hunturu yana zuwa da ƙurarsa, bazara kuma takan kai ma'aunin zafi sama da digiri 40. Idan aka haɗa wannan da nisan Kano, inda galibin ƙwararrun masu gyaran giya suke, da kuma yadda farashin giyar Beljiyam ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar Ƙofar Ruwa tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, ba abin mamaki ba ne a samu magidanta da suka yanke shawarar sauke giyarsu a ƙofar gida. Su ne abin nazari a nan, tare da waɗanda ke taruwa a kansu.

Wanda ya fi kowa ƙarfin gwiwa a cikinsu shi ne ɗalibin bidiyo, wanda galibi malamin makaranta ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, kuma hujjarsa ita ce ya kalli wani Ba'amurke a YouTube yana wargaza giya yana mayar da ita cikin ƙasa da awa guda, ba tare da ya lura cewa an yanke kwanakin aikin ne aka bar masa ƙarshen daɗi ba. Ya haddace sunan kowane ƙarfe, har yakan gyara wa makaniken da ya shekara talatin a gareji lafazi. Matsalarsa ita ce bidiyon da ya kalla na Toyota Camry ne, motarsa kuwa Honda Accord ce, alhali yawancin giyoyin Honda na zamanin motarsa ba su da tsarin haƙoran da sauran kamfanoni ke amfani da shi, wato babban haƙori a tsakiya da ƙanana suna kewaya shi a cikin zobe, sai dai sanduna a jere irin na giyar hannu. Don haka yakan shafe yini yana laluben abin da ba a taɓa sawa ba, wayarsa jingine da taya, fuskarta ta yi dumu-dumu da mai, kuma idan datar ta ƙare kafin ya gano gaskiya, sai ya yanke hukuncin cewa makaniken da ya yi masa aiki bara ne ya sace zoben.

Gwanin injin ban-ruwa ya fi shi cancantar girmamawa, kuma shi ya sa faɗuwarsa ta fi ban tausayi. Wannan manomin rani ne na fadama, mai shinkafa da alkama, wanda duk shekara yake kwance injinsa a bakin rijiyar burtsatse da sifana biyu da guduma, ya tayar da shi kafin ruwan kwami ya tsotse, har maƙwabtan gonarsa suna kawo masa nasu. Aƙidarsa ita ce ƙarfe duk ƙarfe ne. Da wannan aƙida yake shimfiɗa tabarma a tsakar gida a tsakiyar hunturu, ya buɗe farantin bawuloli, ya kifar da shi don man ya tsiyaye, ba tare da sanin cewa a cikin ramukansa akwai 'yan ƙwallaye da ba su kai ƙwayar wake ba, waɗanda kowannensu ke da gurbinsa, kuma aikinsu shi ne barin mai ya wuce ta gefe ɗaya su tare shi ta ɗayan. Wasu sukan nutse cikin yashi, wasu kuma kajin gidan su riga shi gani. Abin da ya rage sai ya wanke da fetur ya goge da tsohon zani, zaren zanin ya maƙale a bawul ɗin da ko ƙwayar rairayi guda tana iya tsayar da shi. Wajen ɗauri kuma ba ya yarda da sifana mai awon ƙarfi, domin a saninsa noti ba ya ɗauruwa sai ya yi ƙara, kuma alminiyam yakan ba shi ƙarar sau ɗaya tak. Babban kuskurensa yana zuwa ne a kan kwambata, wato ƙullin ƙarfen nan mai cike da mai da ke tsakanin injin da giya a madadin kuloci, wanda dole a jujjuya shi har ya zauna daram a bakin famfo kafin a ɗaga giyar. Shi da ya ga tazara ta rage tsakanin giya da injin sai ya jawo su da ƙarfin noti, famfon ya tsage, motar ta tashi lafiya lau amma ta ƙi gaba ta ƙi baya, daga nan ya sanar da jama'a cewa Japanawa ba su iya ƙira ba.

Akwai kuma mai musun ruwa, wanda ya fi yawa a ƙarshen damina. Duk unguwa ta san ya kutsa cikin ruwan da ya haura kwalta a hanyar ƙauye, yara sun bi shi da ihu, masu kwalekwale sun ba shi hanya, amma shi ya tsaya kai da fata cewa ruwan ko cibiyar taya bai kai ba. A saman kowace giya akwai ƙaramar kafar shaƙar iska, kuma idan giya mai zafi ta shiga ruwan sanyi, iskar cikinta takan tsuke ta zuƙo ruwan ta wannan kafa. Man da ya sha ruwa yakan bar launin ja ya koma kamar kunun gyaɗar da aka ɗiga wa zoɓo, kuma ruwan yakan saki mannin da ke riƙe da fatar faiba, ta yadda bayan 'yan kwanaki ko makonni faya-fayen za su fara saɓulewa, injin yana kuka mota ba ta ja. Mai musu yakan zaro sandar awo, ya dubi wannan launi da idonsa, ya ce sabon samfurin mai ne. Idan ya amince ya kwance giyar, yakan sauya faiba amma ya mayar da tsohon kwambata, wanda a walde yake ba a buɗe shi a gida, tare da gurɓataccen man da ke ƙunshe a cikinsa da wanda ya kwanta a bututun da ke kai mai lagireto don sanyaya shi, domin wanke su tamkar amsa laifi ne. Aikinsa yakan kai shi kaka, ba ya kai shi rani.

Mai tsimi bai musanta komai ba, lissafi kawai yake yi. Yana tace tsohon mai da ɗankwalin uwargida ya mayar, yana yanka gaskit daga kwalin taliya, kuma a cikin jerin faiba yana zaɓar uku da suka fi ƙonewa ya sauya, sauran ya juya musu baya. An gaya masa ana jiƙa sabuwar faiba a cikin mai kafin a jera ta, sai ya shafa mata da yatsa. A wurinsa duk jan mai ɗaya ne, duk da cewa Honda da Toyota kowanne yana da nasa, giyar nan ta bel da ake kira CVT kuma tana da wani daban wanda idan aka saɓa masa ba ta yafewa. Araha ba ta ado, amma shi ba ado ya fito nema ba, kuma a ƙarshe yakan sayi man giya sau uku a shekarar da maƙwabcinsa ya saya sau ɗaya.

Duk waɗannan ba sa aiki su kaɗai, domin da zarar an ga mota a kan jak, majalisa takan haɗu, kuma 'yan majalisa su ne rukuni mafi yawa, ga shi ba a taɓa ganin baƙi a rigar ɗayansu ba. A cikinsu ba a rasa tsohon direban haya wanda ya yi zamanin Kano zuwa Nguru, wanda duk bayan minti biyar zai ce, "Alhaji, da Fijo ce da tuni ka kai Malam Madori ka dawo." Akwai mai ganin cewa giyar da ta ƙi shiga ribas ba haka kawai ta ƙi ba, a binciki 'yan uba. Akwai mai kiran yara a tura, bai san cewa motar otomatik ta zamani ba ta tashi da turi ba, tunda famfon ba ya juyawa sai injin yana aiki, kuma ba mai babu abin da zai haɗa taya da injin. Mafi haɗari shi ne mai cewa a ɗaura mata igiya a ja ta zuwa Kano, domin saboda wannan dalilin dai ƙarafan ciki za su yi ta juyawa a bushe tsawon tafiyar, har abin da ya rage mai kyau ya ƙone kafin a kai rabin hanya. Gardamarsu mafi tsawo kuwa a kan awon mai take, wasu na cewa ana aunawa injin na aiki, wasu na cewa sai an kashe, kuma abin da ke hana ta mutuwa shi ne kowane ɓangare yana da gaskiya, na farko a Toyota, na biyu a Honda. Ana kiran sallar Magariba sukan watse, su bar mai mota da fitilar waya a baki.

Mai rarar kaya ba ya buƙatar dogon bayani. Ya kammala aiki, ya ɗaure komai, sannan ya tarar da wasu zobba biyu da ƙaramin sifirin a gwangwanin madara, ya yi musu kallon tsanaki, ya ce kamfani ne ke sa su don ƙarin kuɗi.

Shi kuwa mai jiran lokaci bai taɓa yin kuskure ba, saboda bai taɓa kai wa ga haɗawa ba. Ya sauke giyar ne a watan Sha'aban da niyyar gamawa kafin azumi, sai aka koma bayan Sallah, sannan bayan yankan shinkafa, sannan idan an sayar da riɗi. Motar tana kan bulo huɗu, ana shanya tattasai a kan murfin injin, kaza ta ƙyanƙyashe a kujerar baya, kuma kwanonin uwargida da aka ara don jera ƙarafa bi da bi sun koma ɗakin girki ɗaya bayan ɗaya, ana juye abin da ke cikinsu wuri guda. Haka ma kwalbar basilin ɗinta, wadda ya ɗauka bisa ingantacciyar hujja, tunda da shi ake manne ƙananan zobba a gurbinsu lokacin haɗawa kuma yana narkewa a cikin mai ba tare da cutarwa ba. Idan aka tambaye shi labarin mota yakan ce saura ƙiris.

Makomar akasarinsu ɗaya ce, wato buhun shinkafa. A cikinsa ake tattara giyar da aka wargaza, a ɗora a bayan babur da sassafe kafin mutane su fito, a sauke a gaban makanike, kuma a nan ne ake samun rukunin da ya haɗa sauran duka, wato mai ɗora wa yaro. "Wallahi, Oga, tafiya na yi, na dawo na tarar yaron nan ya kwance min ita," in ji shi, alhali baƙin mai na nan a ƙarƙashin farcensa. Makaniken, wanda ya san babu yaro a gidan da ya kai ɗaga sifana, yakan zazzage buhun a natse, ya ce, "Allah ya shirya mana zuri'a, ranka ya daɗe," sannan ya faɗi kuɗin da ya ninka na da, domin gyaran giyar da ta lalace abu ne daban, gano inda kowane zobe ya fito kuma wani abu ne daban. Sau da yawa shawarar takan ƙare ne a kan sayo ta Beljiyam daga Ƙofar Ruwa, ko a mayar da motar mai giyar hannu gaba ɗaya, a huda mata gurbin kuloci.

Adalci ya wajabta a ambaci wanda ya yi nasara, domin ana samunsa jefi-jefi. Shi ne wanda ya rufe kansa a ɗaki mai siminti, ya yayyafa ruwa don kwantar da ƙura, ya ɗauki hoton kowane mataki, ya huda kwali ya soka kowane noti a gurbin da ya dace da inda ya fito, ya auna tazarar faiba da ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, ya kuma hana majalisa shiga. Motarsa takan tashi ta shiga kowace giya sumul. Sai dai daga ranar ba a sake samun zaman lafiya da shi ba, domin duk motar da ya shiga yakan karkata kunne tun kafin a fita layi, ya ce wa mai ita, "Malam, ka ji yadda take jinkiri daga ta biyu zuwa ta uku? Kawo ta gida ranar Asabar." Bisa al'ada, giyar da ya kwance a karo na biyu ta surukinsa ce, kuma ita ce ke tafiya Kano a buhu.