Ƙarfe Nawa?

Har yanzu da sauran toka a ƙarƙashin farcena, in na kai yatsa hanci kuma lemun tsami nake ji. Bari in rubuta tun zuciyata ba ta fara yi wa labarin kwaskwarima ba.

Surukina, Alhaji, zai ƙetara Gaya ta'aziyya. Tun da aka rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mai son ƙetarawa sai ya shiga kwale-kwale. Alhaji kuwa ya ɗan rame kwanan nan, sarƙar agogonsa tana yawo a hannu kamar awarwaro, yana tsoron ya miƙa hannu ya dafa bakin jirgi agogo ya sulale cikin kogi. Ya kira ni, na durƙusa, ya ɗora min shi a tafin hannu. Seiko 5 ne, wanda ya sayo a Makka tun matata tana rarrafe, mai nuna ranakun mako da Larabci. Sarƙar launi biyu: gefe da gefe farin ƙarfe, tsakiya layin ruwan gwal. Irin wannan agogo ba ya cin batir, motsin hannu ne abincinsa, in an ajiye shi kwana biyu sai ya yi barci.

"Malam, ka riƙa ɗan girgiza shi da safe. Kwana uku zan yi."

Girgizawa ya ce. Ni kuma na yi ijtihadi, na ga babu girgizar da ta kai a ɗaura shi a hannu a tafi kara ranar kasuwa.

Wanda ya san Guéné ya san karar shanunta: Fulani da sandunansu, Dandawa, Hausawa, manyan motocin da ke lodi su nufi kudu, Kandi, Parakou, har Kwatano. Ni ko akuya ba ni da ita. Na je ne agogo ya sha iska. Na naɗe hannun riga har gwiwar hannu, na gaya wa mutum uku lokaci ba tare da sun tambaye ni ba. Ana cikin haka wani bijimi ya fizge igiya, jama'a ta watse, ni kuma na manne da wata katangar siminti kamar ƙadangare. Da ƙura ta lafa na duba hannu: karce ɗaya tak a kan makullin sarƙar, tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Alhaji, wanda sai da tabarau yake karanta lambar waya, da zai yi shekara ashirin bai gan shi ba. Yanzu na san haka.

Na je teburin mai shayi na zauna ina jujjuya hannu. A nan Allah ya haɗa ni da Baba dillali.

Tsoho ne siriri, goro a kunci, rawani ya sha ƙura. Bai taɓa ɗaura agogo ba tun da aka haife shi. In yana son sanin lokaci inuwar rumfar mai shayi yake kallo. Amma da ya karɓi Seiko ɗin nan, sai ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya leƙa cikinsa kamar mai duba haƙoran sa.

"Ɗana, da Rado ne da bai karce ba."

Gaskiya ya faɗa. Tun 1962 kamfanin Rado na Suwizalan ya fito da agogon da ake kira DiaStar, mai jikin wani ƙarfe mai taurin tsiya da bango ba ya yi wa komai, shi ya sa alhazan wancan zamani suke ji da shi. Sai dai gaskiya ce da ba ta da amfanin komai ga mutumin da ke riƙe da Seiko na surukinsa. Na ce, "Baba, to yanzu fa?"

"Tofa masa yawu, ka goge da bakin riga."

Na tofa, na goge. Karce yana nan. Mai shayi ya sa baki ya ce makilin ake shafawa, ya taɓa gani a waya. Baba ya kalle shi kallon tausayi.

"Makilin na haƙori ne. Wannan haƙori ne? Ƙarfe toka ya sani. Ɗana, tukunyar gidanku da me ake wanke ta?"

Na ce da toka.

"To ita ba ƙarfe ba ce?"

Ban sami amsa ba, kuma har gobe ina ganin hujja ce mai ƙarfi. Aka ɗebo min toka daga murhun mai shayi, Baba ya aiki wani yaro ya sayo lemun tsami biyu da kuɗina, na koma bayan tebur na tsuguna na kama aiki. Bayan minti biyar na ɗauraye na duba. Karcen da ke shi kaɗai ɗazu ya yi 'yan'uwa.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Magani ya kama. Ciwo sai ya fito fili kafin ya warke."

Daga nan ya yanke hukunci cewa toka ta yi nata, saura soso. Ya ɗaga murya ya kira mai tuwon da ke wanke-wanke a gefe, ta ba da aron soson ƙarfe, irin wanda ake kankare ƙanzo da shi. "Kada ka tsaya a makulli kaɗai, sai wurin ya fita daban. Bi duka. Kuma da zagaye, da zagaye, kamar mai dama fura."

A nan ya kamata in faɗi abin da ya fi komai ban kunya: ni malamin makaranta ne. Da hannuna na sha rubuta wa yara a allo ma'aunin tauri na Bajamushe Mohs, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u a sama. Da bakina na gaya musu cewa ƙwayar rairayi tana kan 7, ƙarfen wuƙa da cokali kuwa tsakanin 5 da 6 yake, don haka yashi shi ke cin ƙarfe. Tokar murhun da aka hura a ƙasa, a tsakiyar kara, rabinta yashi ne. Duk na san wannan. Amma ilimi ya tsaya a aji, ni kuma ina bayan tebur ina dama fura.

Sauran karatun yau da safe na ji shi, a kasuwar Malanville, wajen wani mai gyaran agogo da ke zaune bayan akwatin gilashi. Ya sa madubinsa a ido, ya daɗe yana kallon agogon Alhaji, sannan ya tambaye ni ko mota ce ta taka shi. Ya ce karce rami ne, ba dauɗa ba, ba a wanke shi. Duk mai "cire" karce rage ƙarfen da ke kewaye da ramin yake yi har su yi daidai. Ya nuna min farin gefen: akwai siraran layuka kamar gashi, duk sun nufi gefe guda. Wannan, in ya kurje, koren soso mai laushi ake bi da shi a hankali, ta inda layukan suka nufa kawai, bayan an rufe wurare masu sheƙi da salatif. Wuri mai sheƙi kamar madubi kuwa ƙyalle mai laushi da man goge ƙarfe yake so. Ruwan gwal fa? Ya girgiza kai. Ba a taɓa shi. Kaurinsa bai kai na silin gashi ba, ko kusa, in ya tafi ya tafi. Ya ƙara da cewa lokacin hunturu kada ma a goge agogo da riga yana da ƙura, a fara ɗauraye sarƙar da ruwan sabulu da tsohon buroshi. Kada a jefa shi aljihu ɗaya da makullai da tsabar kuɗi. In za a yi lodi ko aikin gini a cire shi. Na ce in za a je kara fa? Ya ce in agogon na mutum ne, to.

Amma wannan duk yau ne. Mu koma jiya, bayan tebur.

Ina cikin zagaye na ga ruwan da ke ɗiga daga hannuna ya yi wani launi. Na ɗauraye. Layin rawayan nan, daga makulli har rabin sarƙa, babu shi. Fari fat, mai dishi-dishi kamar gindin tukunya. Ɗaya rabin yana nan da gwal ɗinsa yana walƙiya, kamar ya zo kallon abin da ya sami ɗan'uwansa. Ban gama fahimtar abin da nake gani ba sai inuwa ta rufe ni. Na ga takalma. Na san takalman nan. Ni na kai su wajen baduku watan jiya.

Ashe ta'aziyyar kwana ɗaya ta ɗauka. Ashe ya sami mota tun da sassafe daga Malanville, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ashe wani abokinsa ya roƙe shi ya biyo ta kara ya taya shi zaɓen rago.

Ku tsaya ku dubi hoton da kyau, don ni tun jiya shi nake kallo. Mijin 'yarsa, malamin makaranta, a tsugune bayan teburin mai shayi. Riga a tattare tsakanin cinyoyi. Gabansa kwanon toka, ɓawon lemun tsami huɗu, butar wani. Hannun dama soson mai tuwo. Hannun hagu amanar da aka ba shi shekaranjiya, tana ɗigar baƙin ruwa. Al'ada ta ce in ka ga suruki ka durƙusa. To ni a tsugune ya same ni, ƙasa ta ƙare, babu inda zan ƙara sauka. Na yi ƙoƙari duk da haka, gwiwata ta bugi kwano, toka ta tashi ta sauka a kan takalman.

Alhaji bai yi salati ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce a hankali:

"Malam, ƙarfe nawa?"

Daren jiya ban runtsa ba saboda kalmomin nan biyu. Bahaushe ya san "nawa" iri biyu ce. Akwai gajeriya, ta tambaya, wadda ake neman lokaci da ita. Akwai kuma mai ja, ta mallaka, wadda mutum ke faɗa in ya ga kayansa a hannun ɓarawo. Na maimaita muryar Alhaji a kaina ya fi sau ɗari. Wani lokaci in ji ta gajeriya: bawan Allah ya kwana biyu babu agogo, lokaci kawai yake son sani. Wani lokaci in ji ya ja ta har Gaya. Na tambayi matata yadda mahaifinta ke furta kalmar in ransa ya ɓaci, ta ce ita bai taɓa kama ta tana kankare masa agogo ba.

Me na yi? Da na yi shiru da ya fi. Da na ce "Baba, sannu da hanya" da ya fi. Da na suma ma da an ce kunya ce. A'a. Na ɗaga agogon, na sa babban yatsa na share tokar da ke kan gilashi, na duba da kyau kamar mutumin kirki, na ce:

"Sha ɗaya saura kwata, Baba."

Kuma daidai ne. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Agogon nan, da duk abin da na yi masa, ko daƙiƙa bai ɓata ba.

Mai shayi ya juya baya yana ta goge kofin da ya riga ya bushe. Mai tuwo ta zo ta zare sosonta daga hannuna ba ta ce uffan ba. Abokin Alhaji ya sami wani rago can nesa ya ƙura masa ido. Shiru ya yi shiru, har kukan shanu ya zama kamar daga wani gari yake zuwa. Alhaji ya miƙo hannu, na ɗora masa, ya ciro tabarau ya sa. Ya juya gefen gwal. Ya juya gefen tukunya. Ya sake juya gefen gwal.

Sai Baba dillali ya gyara zama, ya mayar da goro ɗaya kuncin.

"Alhaji, barka da dawowa. Ka gode wa Allah da ya ba ka suruki mai ilimi. Shekara nawa kana sallah da zinari a hannu, kai namiji? Yaron nan ya raba ka da rabin haram. Da ka ƙara minti goma a hanya da ya gama."

Sannan ya juyo wajena ya buɗe tafin hannu. La'adarsa.