Zuwa Ga Bawana Na Zazzau, Sarkin Aron Biro

Bawana Bazazzage! Ka gaida mutanen Tudun Wada da na Ƙofar Doka, ka ce ubangidansu na Kano yana sa musu albarka.

Wani abu game da ku yana ɗaure mini kai. A garinku aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan Abubakar Imam ya zauna ya yi ta zuba rubutu, a 1962 kuma aka kafa muku jami'a a Samaru. Takarda ta yi muku yawa har ƙosai kuke ƙunshewa da ita. Amma in aka laluba aljihun babbar rigarka sai a sami ɓarin goro, asuwaki da igiyar caji. Biro babu. A banki kai ne mai "Malam, ɗan ara mini abin rubutu," a wurin ɗaurin aure ma kai ne. Wanda ya ara maka kuwa ya yi sadaka, in ma biron ya dawo, murfin ya sha tauna.

Ka zo Kantin Kwari ka ɗauki darasi kyauta. Ɗan kasuwar da ko firamare bai gama ba, littafinsa na nan gefen tabarma, bango ya yi baƙi don shan hannu, an ɗaure shi da roba, biro a soke a tsakiya. Kowa da shafinsa: atamfa turmi kaza, ya kawo kaza, saura kaza, sai Laraba. Ranar da gardama ta tashi ba mai ɗaga murya, ba mai rantsuwa da kabarin kakansa. A lashi yatsa, a buɗe shafi, magana ta mutu, gobe a gaisa. Littafin nan ya raya zumuncin da ƙwaƙwalwa za ta kashe. Kuma ba mu muka ƙirƙiro ba: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Ku masu taƙama da malamai, ita wannan a Kwanar Dangora ta tsaya?

Na san amsarka, komai yana cikin waya. Wayar da in an ɗauke wuta kwana biyu sai ta rufe ido, ko wani ɗan hannu ya raba ka da ita a tasha, ya tafi da lambobi da lissafi gaba ɗaya. Sai ka ce ai yana kanka. Kan naka na san shi sarai. Wanda kake bi naira ɗari ba ya ɓace maka har shekara, wanda ke binka kuwa, ko fuskarsa ba ka ganewa.

Ba bashi kaɗai ba ne. Likita ya ce a sha wannan kafin abinci, wancan bayan abinci, kafin ka kai bakin ƙofa ka haɗe su. Uwar adashi ba ta dogara da haddarta. Matanmu a wurin biki suna zaunar da yarinya guda ta rubuta gudummawar kowa, don ranar ramawa kada a ji kunya. Dabarar da ta faɗo maka bayan sallar isha, in ba ka kama ta da biro ba, da asuba ta yi nata wuri. Abin da hannu ya rubuta kuma ya fi zama a ka, tambayi almajiri da allonsa.

To, yanzu ga zancen da ya sa na ɗauko alƙalami. Shafinka a littafina ya cika, na juya baya. Shaddar da ka ɗauka ta ƙaramar salla, har ta koɗe a jikinka, ko kwabo ban gani ba. Ranar Juma'a ina tafe Zariya. Kada ka ce wa yara su ce ba ka nan, motarka ma na rubuta lambarta.